Sunan da Na Faɗa a Aliero

Bara, wurin bikin ɗan'uwanku Bashiru, ina zaune a tsakar gida ana rabon tuwo, sai na ji wata daga cikin dangin babanku tana ja wa amarya kunne. Ko ba ta san ina bayanta ba, ko ta sani, Allah masani. Ta ce wa yarinyar ta riƙe kunya a gidan miji, kada ta yi irin ta Kulu a Aliero. Mata suka kwashe da dariya. Har ke Nana na gan ki, kin rufe baki da mayafi kafaɗunki na rawa. Na ci tuwona na wanke hannu. Amma tun ran nan abin yake cin raina. An daɗe ana ba da labarin nan, kowa da gishirin da yake ƙara masa, ni kuwa da abin ya faru a kaina ba wanda ya taɓa zama ya tambaye ni. To tun da sauran numfashina, ga yadda aka yi.

Kun taso kun ga yayarku Saratu ba ta ji, kuna yi mata magana da hannu. An ce muku ciwo ne ya taɓa ta tana ƙarama, kuka ce Allah sarki, kuka wuce. Ba ku san ta da baki ba. Yarinyar nan surutu gare ta har kakarku Inna Hajo, uwar babanku, take kiran ta rediyon Maiyama. Ita ce 'yata ta fari, kuma a wurinmu a wancan zamani ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ba ki faɗin sunansa, ba ki ɗaukarsa gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ki kau da kai ki jira wata ta ɗaga shi. Uba ma haka. Ranar da aka yaye Saratu, Inna Hajo ta goya ta ta tafi da ita Maiyama, ni ina durƙushe ina tankaɗe kamar ba abin da ya shafe ni. Aka yi ta yabona, wai ga 'yar mutunci. Ba wanda ya ga garin da na jiƙa da hawaye. In mun je ganin gida, ita ta ce mini Kulu kamar kowa, ni in ce mata “ke”, in kuma dole ta kama in ambace ta sai in ce 'yar tsohuwa. Har ta kai shekara shida ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba.

Lokacin muna zaune a Talatar Mafara, babanku yana gyaran injinan ban-ruwa na masu noman rani. 'Yan shekaru ke nan da yanke jiharmu Kebbi daga Sakkwato, har ana yi mana ba'a wai mun zama baƙi. Bazarar shekarar ta zo da zafi mai tsanani, ta zo da sanƙarau. A layinmu kaɗai na ga an fitar da yara a tabarma, yaron da ka gani yana wasa jiya, yau a ce maka an kai shi. Ga man fetur ya yi wuya, motoci sun yi layi a gidajen mai kamar an kafe su. Ana cikin haka wata yamma wani direban babbar mota ɗan Maiyama ya yi sallama a ƙofar gida. Ina daga bayan ƙyaure ina jin su.

“Inna Hajo ta ce in hwaɗa maka ƙawarta tana jin jiki. In kun samu sarari ku leƙo.”

Babanku ya ce Allah ya sawwaƙe, ya shiga tambayarsa labarin hanya da tsadar mai. Mutumin ya amsa, sannan ya rage murya.

“Malam, ni dai na ga yarinyar da idona. Wuyanta ba ya lanƙwasuwa.”

Ku duba fa. Kaka ta aiko a lulluɓe don kada ta kunyata ɗanta, ɗan ya karɓa a lulluɓe don kada ya kunyata kansa. Da direban nan bai yi karambani ba, da sai bayan sati za mu leƙa. Babanku ya shigo ya ce gobe zai je gaida tsohuwa, ya daɗe bai gan ta ba. Na ce ni ma na daɗe ban gaishe ta ba, zan bi shi. Ya dube ni, na dube shi. Ƙarya ɗaya muke yi wa juna, kuma kowa ya san ta ɗan'uwansa. Ya ce babu mota a tasha, a babur zai tafi, mace ba ta iya wannan nisa. Na ce zan iya. Na kai Bashiru wurin maƙwabciyata, na ɗaure zane biyu a ƙunshi. Ana sallame sallar asuba ya ɗaura jarkar mai a bayan jan babur ɗinsa, na hau, muka kama hanya.

Ban taɓa yin tafiya a babur da ta wuce cikin gari ba. Kafin rana ta ɗaga bayana ya riƙe, cinyoyina sun mutu, iska mai zafi tana dukan fuskata kamar an buɗe murhu. Amma abin da nake so ku sani shi ne babanku gudu yake yi. Mutumin da na sani da lallaɓa babur kamar ƙwai, ran nan ramuka ma bai san da su ba. Kusa da Sakkwato wani jaki ya faɗo titi, ya kauce masa da ƙarfi, ƙafata ta zame ta manne da salansa. Na ji fatar ta yi cuu. Na ciji mayafina ban yi ko tari ba, don na san in ya ji zai tsaya. Tabon nan da kuke gani a ƙwaurina, da kuna yara nake ce muku garwashi ne, to na ran nan ne. Sau ɗaya muka tsaya a bayan Sakkwato, ya juye man jarka a tanki, muka kurɓi ruwan da ya riga ya zama na wanka. Garin sauri har mai na zuba a ƙasa. Zan faɗa muku gaskiya, a duk zamanmu ban taɓa son babanku kamar a wannan hanya ba. Na kama rigarsa ta baya na riƙe, ina cewa a raina ashe mu biyu ne.

Muka wuce Tambuwal rana na tsakar ka. Aliero kuwa tun ba ka gan ta ba hancinka zai gaya maka, don lokacin cirar albasa ne, an tula ta a bakin titi ana ɗurawa a buhuna. Bappa Mamman, wan mahaifin babanku, wanda ya riƙe shi tun yana maraya, rumfarsa ta albasa a bakin titin take, gidansa na bayanta. Na matso da bakina kusa da kunnen babanku.

“Don Allah Malam, mu wuce. In mun dawo mu gaishe shi.”

“Kowa ya san babur ɗin ga. In wuce Bappa shina zaune? Gaisuwa ɗai za mu yi.”

Ya rage gudu ya sauka daga titi. Bappa Mamman na kishingiɗe a kan buhu da carbi a hannu, dillalai sun kewaye shi. Babanku ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa. Mutumin da ya keto ƙasa kamar zai tashi sama, yana ganin tsohon nan ya koma yaro ɗan shekara goma. Aka gaisa, aka sake gaisawa.

“Lahiya dai, da rana tsaka haka, har da iyali bisa babur?”

“Lahiya lau Bappa. Tsohuwa za mu gaisuwa.”

“To madalla, ashe babu gaggawa. Ku shiga ku huta rana ta yi sanyi. Allah ma shi ya kawo ka, injina ya ƙi tashi, ga sauran albasa can hwadama tana son ruwa.”

Na zuba wa babanku ido. Abin da ya rage kawai shi ne ya matsa ya raɗa wa tsohon kalma ɗaya a kunne. Bai matsa ba. Sai na ji ya ce to Bappa. Ya cire rigarsa ta sama ya rataye a jikin rumfa, aka jawo masa inji.

Ni aka shigar da ni cikin gida wurin Inna Tumba, matar Bappa. Ta yi murna, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta kawo fura, ta sa aka kama zabuwa aka yanka, wai surukarta ba za ta taka gidanta ta tafi da bakinta haka ba. Na ajiye furar a gefe. Daga inda nake zaune ina jin ƙarar sifana a jikin ƙarfe, ƙwal, ƙwal, ana ja inji ya yi tari ya mutu, maza su yi dariya. Aka yi azahar. Inuwar katanga ta fara tsawo. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na matsa kusa da Inna Tumba na ce mata a hankali 'yar tsohuwa ce ba ta da lafiya, an ce wuyanta ya sanƙare. Ta saki muciya ta kama haɓa.

“Ke Kulu! Ɗiyar hwari kika yi wa wagga rawar jiki? Ina ruwanki? Ba ta da uwa can? Masassara ta ta yara, kowane gida akwai. Kada ki bari a ji ki, wallahi sai a yi miki waƙa.”

Sauran matan gidan suka taya ta, ana tsokanata, wata ta ce ai 'yan zamani har goya ɗan fari suke yi su shiga kasuwa. Na yi murmushin da ya fi kuka ciwo. Na zauna ina kallon ana fige zabuwa, ana babbaka ta, ana jajjage. A raina ina ganin yaran layinmu da aka fitar a tabarma. Ƙafata ta kumbura ta yi ruwa a ƙarƙashin zane, ban ko ji ta ba. Da ladan ya kira la'asar, na ji babanku daga waje yana cewa a samo masa wani ƙarfe a gidan makanike, sai ya kwance injin gaba ɗaya. A nan wani abu ya tsinke a ƙirjina. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Na tashi na ratsa zaure na fito tsakiyar maza, mayafina a kafaɗa.

“Saratu na can Maiyama wuyanta ya sanƙare, kai kana nan kana kwance inji! Saratu nic ce! Ɗiyata ta, ni na haihe ta. Tashi ka kai ni, ko in tahi da ƙahwata.”

Masu ɗura albasa suka tsaya da buhu a hannu. Babanku yana tsugune, hannunsa baƙi ƙirin da mai, ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da sata. Bappa Mamman bai dube ni ba, ɗansa ya duba.

“Kai, mi ya hana ka hwaɗa mini a kunne? Da na tsai da ka? Tashi ku tahi.” Ya ja carbinsa, sannan ya ƙara da cewa, “Amma wagga ita ta matar da munka aura maka? Sunan ɗiyar hwari, gabana, gaban baƙi?”

Wannan shi ne abin da Kulu ta yi a Aliero. Ban zagi kowa ba, ban tuɓe ɗankwali na yi rawa ba kamar yadda wasu suke ƙarawa. Sunan 'yata na faɗa.

Daga Aliero zuwa Jega ba nisa, amma babanku ya sandare a kan babur, bayansa ya yi tauri kamar katako. Muka ratsa Jega, na ga asibiti da idona muka wuce shi. Muna isa wajen gada ya taka birki ya ce in sauka. Idonsa ya yi ja.

“Kin kashe ni yau, Kulu. Da wane ido zan ƙara duban Bappa? Mu koma ki ba shi haƙuri, yanzu.”

Na ɗauki ƙunshina na ɗora a ka na kama hanyar Maiyama ina ɗingishi. Sai a lokacin ya ga ƙafar. Na yi 'yar tafiya, na ji babur a bayana yana tafe a hankali. Ya tsaya a gefena, fuskarsa a jiƙe, ban sani ba ko gumi ne. Na hau. Daga nan ya sake sakin gudu, amma ban ƙara kama rigarsa ba, ƙarfen baya na riƙe.

Mun tarar da Inna Hajo a tsaye a ƙofar gida, ba ko mayafi. Tsohuwar da ake cewa saboda irinsu ake wannan kunya, ita ce ta tare mu tun babur bai mutu ba.

“Ina kunka tsaya? Tun hantsi nike duban hanya! Na yi rubutu, na yi turare, ba mota garin ga, ni ba ƙarhi. Ina kunka tsaya?”

Babanku ya ce babur ne ya ba da wahala. Na shiga ɗaki. Saratu na kwance a tabarma, kanta ya lanƙwashe baya, idonta a buɗe ba ta ganin kowa. Maƙwabta sun cika ɗakin. Ban nemi izinin kowa ba, na sunkuce ta na aza a bayana, Inna Hajo da kanta ta ɗaure mini zanen ta ƙara da nata. Rabona da goya yarinyar nan tun kafin yaye. Ƙafafunta har gwiwata, zafin jikinta yana ratsa rigata. Haka muka koma Jega mu uku a babur ɗaya, muka sake bin hanyar da muka baro, rana tana faɗuwa a gefenmu.

Mutanen asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu. Kwana da kwanaki ana yi mata allura, ina zaune a ƙasa kusa da gadonta, har wata safiya zazzaɓin ya sauka ta buɗe ido ta dube ni sosai. Ɗakin cike da mutane, da Inna Hajo, da babanku a bakin ƙofa. Na ce a raina kunyar da ta rage ai na zubar da ita a Aliero. Na kama hannunta na kira ta da ƙarfi, yadda na daɗe ina kiran ta a cikina.

“Saratu. Saratu, sannu.”

Ta zuba wa bakina ido. Ta yamutsa fuska, ta ce da wata irin murya mai ƙarfi da ba tata ba:

“Kulu, mi kic ce?”

Na sake faɗa. Ta juya ta dubi kakarta tana neman a gaya mata. Aka tafa hannu a bayan kanta, aka jefar da kwano a ƙasa, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Daga baya na tare likitan a baranda na tambaye shi, da mun kawo ta da azahar fa? Ya ce Allah kaɗai ya san wannan, amma a irin ciwon nan rana da yamma ba ɗaya ba ne. Ban ƙara tambayar kowa ba. Na san ƙaddara, na yi imani da ita, kada wani cikinku ya zo yana yi mini wa'azi. Amma ƙaddara ba ita ta hana mutum buɗe baki ya ce 'yata ba ta da lafiya ba.

Na ɗauko Saratu na dawo da ita ɗakina, wannan ma aka ƙara a cikin laifina. Maganarta ta yi ta raguwa kaɗan-kaɗan har ta ƙare, rediyon Maiyama ya mutu a hannuna. Shekara biyu dangin babanku na Aliero ba su taka gidana ba, sai da aka kai ni na durƙusa gaban Bappa Mamman na ba da haƙuri. Na bayar, don zaman aure da don ku. Har yau ban san a kan me na bayar ba. Babanku mutumin kirki ne, ya ciyar da ku, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ya fi kowa iya yi wa Saratu magana da hannu, in ya je kasuwa ita yake fara sayo wa abu. Amma duk ranar da aka tayar da labarin Aliero a taron dangi, sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, ya bar ni da su. Sau ɗaya bai taɓa cewa ku bar ta, ni na tsaya gyaran inji ba. Na jira wannan magana har ranar da aka ɗauke shi. Na yafe masa, Allah ya ji ƙansa, amma yafewa daban, mantuwa daban.

Yanzu Saratu ta yi furfura a gefen kai, 'ya'yanta sun girma. Kullum da safe in ta shigo gaishe ni sai na kira sunanta da ƙarfi, kun sha jina kuna cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Ita kuma ta dubi bakina ta yi murmushi, ta gane siffarsa a leɓena. Nana, in an sake ba da labarin nan a gabanki, ki yi dariyarki in kina so, amma ki ƙarasa musu shi. Ki ce sunan da uwarku ta faɗa ran nan, dillalai sun ji, masu ɗura albasa sun ji, Aliero duka ta ji ta riƙe har yau. Mai sunan ce kaɗai ba ta taɓa ji ba.